Ƙafar Baka, Gwame da Ciwon Gwiwa: Abin da Awo Ke Nunawa

Kwanakin nan da wuya mutum ya buɗe WhatsApp ko TikTok bai ci karo da mai tallar wani man shafawa ko ɗaurin roba ba, wanda wai yana miƙar da ƙafar baka, ya gyara gwame, ya kori sanyin ƙashi cikin sati biyu. Za a nuna maka hoton tsohuwa da ƙafafu a lanƙwashe, can kuma ga su sun miƙe samɓal. Abin da ya fi damuna shi ne yadda maganar ta zauna a zukatan mutane, wai duk ƙafar da ta karkata cuta ce, kuma kallo ɗaya ya isa a gane ta.

Magini ba ya yarda da idonsa wajen duba gini. Igiya yake ratayawa da ɗan nauyi a ƙarshenta, ita za ta faɗa masa ko bango ya kauce. Likitan ƙashi ma haka yake yi. Za a tsayar da mutum kan ƙafafunsa, ƙoƙon gwiwa na kallon gaba, a ɗauki dogon hoton ƙashi tun daga ƙugu har idon sawu. A kan hoton sai a ja layi daga tsakiyar kan ƙashin cinya zuwa tsakiyar idon sawu. Ana kiransa layin Mikulicz, sunan wani likitan fiɗa na ƙasar Turai a ƙarni na 19. Ta wannan layin nauyin jiki ke sauka ƙasa. In ya ratsa tsakiyar gwiwa, ƙafa a daidai take, kusurwarta wajen digiri 180. In ya bi ta cikin gwiwa, baka ce. In ya bi ta waje, gwame ce.

Ido yana ruɗuwa saboda dalilai da yawa. Kaurin cinya yana ɓoye ƙashi. Shi kansa ƙashin cinya a gicciye yake saukowa daga ƙugu, ya bambanta da layin nauyi da wajen digiri 6, a jikin kowa. Mutum ya ɗan juya ƙafa ko ya lanƙwasa gwiwa kaɗan, sai siffar ta canza. Da irin wannan tsayuwar ake haɗa yawancin hotunan "kafin" da "bayan" na masu talla.

To, masu lafiya fa, ƙafafunsu a miƙe suke? A shekarar 2012 likita Johan Bellemans da abokan aikinsa a Beljiyam suka wallafa awon matasa 250 masu shekara 20 zuwa 27, waɗanda ba abin da ke damun gwiwarsu. Kashi 32 cikin ɗari na mazan da kashi 17 na matan suna da baka ta digiri 3 ko fiye. Wato kusan namiji ɗaya cikin uku. Halittarsu ce, da ita suke gudu, da ita suke buga ƙwallo. Wanda ya saya wa irin wannan ƙafa magani ya zubar da kuɗinsa a rariya.

Labarin yana canzawa ne idan gwiwa ta riga ta kamu da amosanin gaɓɓai, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya fara zaizayewa. Ko a ƙafa madaidaiciya, ɓangaren ciki na gwiwa shi ke ɗaukar mafi yawan nauyi lokacin tafiya. Baka tana ƙara masa kaya. Direba ya san wannan: motar da saitin tayarta ya kauce, gefe ɗaya na taya ke cinyewa, ɗaya gefen kamar sabo. Mai jaki ma ya sani: mangalar da ta rinjaya gefe guda, a wannan gefen take yi wa jaki gyambo. Ko ka ɗauki tsohon takalminka ka duba dunduniyarsa. Da gefe ɗaya ya suɗe, ƙafa tana ƙara zamewa wajen, zamewar kuma tana ƙara cin gefen. Haka gwiwa take: zaizaya na jawo karkata, karkata na jawo zaizaya.

An auna wannan ma. Likita Leena Sharma ta Jami'ar Northwestern da ke Chicago ta bi mutane 237 masu ciwon gwiwa tsawon wata 18, aka buga sakamakon a mujallar JAMA a 2001. Gwiwa mai baka ta ninka sau huɗu wajen haɗarin ƙara lalacewa ta ciki, mai gwame kuma kusan sau biyar ta waje. Batun ko karkatar ce ke fara haddasa ciwon ga lafiyayye, nan masana suka rabu. A 2007 binciken Rotterdam a Holan ya ga alaƙa, musamman ga masu ƙiba, binciken Framingham a Amurka kuwa bai gani ba. Amma ga gwiwar da ta riga ta kamu, magana ta zauna.

Na ga wannan a gidanmu. Wata gwaggota ta kai sai ta dafa bango da hannu biyu take miƙewa daga kan darduma, silifas ɗinta na dama ya suɗe ta gefe ɗaya har ya zama kamar ganye. A wani asibiti aka kwantar da ita aka ɗauki ɗan guntun hoton gwiwa, aka ce ba komai, tsufa ne. Shekara biyu tana shan maganin ciwon jiki daga kemis, har cikinta ya fara ƙuna. Ranar da wani likita ya ce ta tsaya a ɗauka, sai ga ƙashi ya kusa haɗuwa da ƙashi ta ciki. A kwance babu nauyi a kan gwiwa, gaɓar sai ta buɗe kamar lafiyayya. Tsayar da majiyyaci ba ya buƙatar ko sisi, kulawa kawai yake so. Na'urar dogon hoto kuwa, ina ganin jihar da ke gina gadar sama ba za ta kasa saya wa babban asibitinta ba.

Iyaye mata, na yara daban ne. Jariri yakan yi baka har wajen shekara biyu, ya koma ɗan gwame wajen shekara uku zuwa huɗu, ya daidaita wajen shekara bakwai. Wanda ake kai wa likita shi ne mai karkatar ƙafa ɗaya, ko wadda ke ƙaruwa, ko mai zafi. Irin wannan karkata takan zo daga laushin ƙashi. Binciken da Tom Thacher ya jagoranta a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban abin da ke laushe ƙashin yaran da aka duba.

Amfanin awo shi ne yana zaɓar magani. Rage ƙiba na gaba: kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Sai motsa jiki mai ƙarfafa naman cinya, da riƙe sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba na gwiwar mai ciwo ba. Ga mai sauran ƙuruciya da gefe ɗaya kawai ya lalace, akwai fiɗar da ake yanka saman ƙashin ƙwauri a mai da nauyi gefen lafiya, kuma digiri nawa za a gyara, hoton ne ke faɗa. In gaɓar ta ƙare, sai dashen gwiwa, irin wanda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Man shafawa yana iya rage zafi na ɗan lokaci, amma ƙashin babba ba ya miƙewa da shafa ko ɗauri.

Saboda haka idan ka raka Baba ko Inna asibiti kan ciwon gwiwa, ka roƙi a ɗauki hoton suna tsaye, kuma kafin ku bar ofishin likita ka tambaye shi ta wane gefe nauyin ke bi.