Babi na Tara: Yadda Ƙanƙara Take Kwanciya a Cikin Gajimare

Sanannen abu ne ga ma'abota ilmin sararin samaniya cewa siraran gajimaren nan da ke can ƙololuwa, inda sanyi ya wuce misali, ba ɗigon ruwa ne a cikinsu ba, ƙwayoyin ƙanƙara ne ƙanana ainun, waɗanda Allah cikin hikimarsa ya halitta bisa siffa mai kusurwa shida, wasu dogaye, wasu fale-fale. Galibinsu juyi suke yi barkatai. Amma fale-falen, musamman waɗanda ke ƙulluwa a sanyin da ya kai kimanin digiri 15 ƙasa da sifiri, idan suka ɗan yi girma kuma iska ta natsu, sai su kwanta a shimfiɗe yayin da suke gangarowa, domin iskar da suke ketawa ita ce take daidaita su.

To, ta yaya wanda bai taɓa su ba zai shaidi kwanciyarsu? A ranar 28 ga Afrilu, 2006, hukumar NASA ta Amurka da takwararta CNES ta Faransa suka harba tauraron ɗan'adam mai suna CALIPSO daga Kalifoniya, ya riƙa kewaya duniya daga nisan kilomita 705, yana ɗauke da na'urar da ke cilla hasken lesa zuwa ƙasa, sa'an nan ta tattara abin da ya komo. Daga jinkirin komowar ake lissafa tsawon da gajimare yake, daga ƙarfinta kuma a gane kaurinsa. Sai dai akwai alama ta uku wadda ta fi su daraja: shi wannan haske yana fita ne yana kaɗawa ta fuska guda tak, kuma idan ya faɗa cikin ƙanƙarar da ke juyi barkatai, ya yi ta karo da bangayenta, sai ya komo fuskarsa ta hargitse, alhali kuwa idan kwantacciya ya tarar, sai ta mayar da shi kamar madubi, da ƙarfin gaske, fuskarsa ba ta sauya ba.

A nan ne mushkila ta auku. Da farko an saita na'urar kusan tsaye cak, karkatarta ba ta wuce digiri 0.3 ba, saboda haka ƙwayoyi kwantattu, ko da 'yan kaɗan ne a cikin dubbai, sai walƙiyarsu ta rinjayi ta sauran. Kuma da yake ɗigon ruwa ma ba ya hargitsa fuskar haske sosai, sai a iya ɗaukar gajimaren ƙanƙara a matsayin na ruwa. Wannan kuwa ba ƙaramin kuskure ba ne, domin ruwa da ƙanƙara sun sha bamban wajen tare zafin rana da riƙe ɗumin ƙasa, kuma a kan wannan ne masu hisabin yanayi suke gina ƙiyasinsu.

A watan Nuwamba na 2007 aka karkata na'urar zuwa digiri 3, walƙiyar ta riƙa kauce mata. A ganina, awon farko bai tafi a banza ba, domin da aka gwada shi da wanda ya biyo bayansa ne aka sami hujjar inda kwantacciyar ƙanƙara take da yawa. CALIPSO ya kammala aikinsa a 2023, kuma tauraron EarthCARE na Turai da Japan, wanda aka harba a watan Mayu na 2024, tun daga farko a karkace da digiri 3 aka ɗora masa tasa na'urar.