Saikulofs: Ɗan Uwan Ƙaguwa a Ruwan Kududdufi

Sakkwato tana da nisa da teku, amma ɗalibin Ƙofar Atiku ba sai ya je Legas ba kafin ya ga dangin ƙaguwa da jatan lande. Ya ɗebo ruwan kududdufi daga fadamar Kogin Rima cikin kwalba, ya ɗaga ta a rana. Zai hangi waɗansu fararen ɗigo-ɗigo suna tafiya suna zabura. Daga cikinsu akwai saikulofs.

Tsawonsa bai cika wuce milimita 2 ba. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, siffarsa kamar ludayi ce: gaba mai faɗi, baya siriri mai gaɓoɓi, wutsiya a rabe biyu. Ido ɗaya gare shi a tsakiyar goshi, shi ya sa aka sanya masa sunan wani dodon tatsuniyar Girkawa. Sai dai idon kaɗai bai isa shaida ba, domin maƙwabciyarsa dafniya ita ma babban idonta ɗaya ne. A dubi ƙwai: tamatar saikulofs tana rataye da jakunkuna biyu, dama da hagu, dafniya kuwa goya nata take yi cikin ɓawonta.

Wannan ɗan mitsitsi shi ke haɗiye tsutsar kurkunu. Wanda ya sha shi cikin ruwa, bayan kamar shekara guda tsutsar kan ɓullo masa, galibi a ƙafa, sau da yawa ana tsakiyar aikin gona. A 1988 an ƙidaya masu ciwon fiye da 650,000 a Nijeriya. Tace ruwa da ƙyalle, wanda ke tare saikulofs, ya taimaka ƙwarai. An ga ciwon na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi.