Babi na Tara: Tsuntsayen Tafkin Tiga

Sa'ad da aka datse Kogin Kano a Tiga, aikin da aka soma a 1971 aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ba a nufi kome ba face noman rani da shayar da jama'a. Amma Allah cikin hikimarSa ya sa wannan tafki, wanda gefensa na kudu ya jingina da dajin Falgore, ya zama matattarar wata al'umma da ba a sa ta cikin lissafi ba, wato tsuntsaye.

Wanda ke son ya san su, lalle ne ya fita da ya idar da sallar asuba, sanye da tufa marar ƙyalli, da madubin hangen nesa a wuyansa, ya ba gabas baya domin kada rana ta kashe masa ido, sa'an nan ya zauna ya yi shiru, gama wannan ilmi ba ya samuwa ga mai gaggawa. Can zai ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, har lokacin da zai kai wa kifi sara. Zai ji fiton kirinjijiya tun garkensu bai sauka ba. Balbela kuwa tana biye da shanun Fulani, tana tsintar fārin da kofato ya tayar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sha'anin lokaci. Shamuwa, wadda manomi ke ɗaukar isowarta bushara ce ta damina, takan kama hanyar kudancin Afirka da zarar ruwa ya ɗauke. Tana tashi kuwa sai ga baƙi daga ƙasashen Turai, waɗansunsu ba su kai tafin hannu ba, sun ƙetaro bahar da Sahara, su yi hunturu a nan. Masana sun tabbatar da wannan ta hanyar zobe mai lamba da suke sa musu a ƙafa, a kama tsuntsun a wata nahiya, a karanta.

Sai dai ruwan da aka tsare a Tiga, da can yakan malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru, inda baƙin suka fi sauka. Tun da ambaliya ta ragu can, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, masunta da tsuntsaye duka suka ji a jikinsu.