Kimiyya da Fasaha: Lambar da ta fi ƙarfin mazubinta

Yau shirin na masu koyon rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma za mu fara ne daga birnin Greensboro da ke jihar Carolina ta Arewa a Amurka.

A zaɓen watan Nuwamban shekara ta 2004, jami'an zaɓe na gundumar Guilford, wadda Greensboro ne babban birninta, sun tarar da cewa sakamakon farko da suka bayar ba daidai ba ne. Jama'a da yawa sun kaɗa ƙuri'a tun kafin ranar zaɓe, kuma da aka zuba wannan tarin ƙuri'u cikin kwamfutar da ke haɗa jimla, sai dubbai suka ɓace daga lissafi. Sai da aka sake tattarawa sannan aka gyara. Ba maguɗi aka yi ba. Manhajar ce ba ta iya riƙe adadin da ya wuce 32,767 a mazubi guda. Haka ma aka gani a gundumar Broward ta jihar Florida a wannan zaɓe, inda ƙidaya ta riƙa komawa baya.

To, daga ina wannan lamba ta fito? Idan kana rubuta manhaja, duk abin da kake so kwamfuta ta tuna, sai ka buɗe masa mazubi, ka raɗa masa suna. Idan abin cikakkiyar lamba ce, wato marar ɗigo kamar 5 ko 200 ko sifili, a harsunan kwamfuta irin su C da Java kalmar int ake sawa. Misali, ka rubuta int yara = 40; ka buɗe mazubi ke nan mai suna yara, ka sa 40 a ciki. Gobe in an ƙara ɗalibi, sai ka ce yara = yara + 1; ya zama 41.

Sai dai fa kowane mazubi da iyakarsa, kamar yadda mudu ba ya ɗaukar hatsin buhu. Kwamfuta da sifili da ɗaya kawai take ƙirga, kuma kowane gurbi guda ana kiransa bit. Mazubi mai bit 16 yana da hanyoyin jeri 65,536. An raba su biyu: daga 32,768 ƙasa da sifili, zuwa 32,767 sama da shi. Ka ga inda lambar Greensboro ta samo asali. In mazubin ya cika ka ƙara ɗaya, galibi sai ya juya ya faɗa can ƙasa da sifili, tamkar agogon kilomita na tsohuwar mota da ya kai ƙarshe ya koma farko. Abin tsoron shi ne, sau da yawa kwamfutar ba za ta ce maka uffan ba.

Irin wannan kuskure ya taɓa jawo babbar asara. Ran 4 ga watan Yunin 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta, saboda an tura wata babbar lamba cikin mazubi mai bit 16.

Saboda haka, kafin ka buɗe mazubi, tambayi kanka: wannan abu da nake ƙirgawa, ina ne ƙarshen girmansa? A harshen Java, short bit 16 ne, int kuwa bit 32 ne, yana kaiwa 2,147,483,647. Ya ishi ƙidayar mutanen Najeriya, amma bai ishi ta duniya ba, tunda mun haura biliyan 8 a shekara ta 2022. Nan sai long, mai bit 64. Shi kuwa harshen Python, da kansa yake faɗaɗa mazubin.

Sannan kada ka gwada manhajarka da ƙananan lambobi kaɗai. Sa mata mafi girman adadin da kake tsammani, ka ninka shi, ka ga yadda za ta yi.