Jan Wardi Na Dā: Abin Da Masana Suka Gani

Unguwar GRA ta Katsina tun zamanin Turawa aka yanka ta da manyan filaye, domin kowane gida ya sami wurin itatuwa da furanni. Mai son shuka wardi a irin wannan fili zai kashe kuɗi da ruwa, ruwa kuwa a Katsina ba abin wasa ba ne. Saboda haka bari mu duba labarin wani tsohon iri, mu ga abin da zai koya mana.

A shekara ta 1867 wani Bafaranshe mai suna Guillot ya fito da wardi da ya kira La France. Yawancin masana suna lissafta shi na fari cikin dangin da aka samu ta barbarar wardin ƙasar Sin da na Turai, watau masu babban fure guda a kan dogon reshe. Daga cikin wannan dangi ne Wilhelm Kordes na Jamus ya fitar da Crimson Glory a 1935. Furensa ja ne mai duhu, da laushi kamar karammiski, ga ƙanshi mai cika ɗaki.

Nan da nan ya yi suna. Ƙungiyar masu wardi ta Ingila ta ba shi lambar zinariya a 1936. A 1961 kuma ta Amurka ta ba shi lambar ƙanshi, shi ne ma na fari da ya karɓe ta.

Amma masu lambu ba su ɓoye aibinsa ba. Wuyansa ba ƙarfi, sai furen ya sunkuya. In ya kwana biyu jan yakan koma shunayya. Inda akwai sanyi da laima, farar fumfuna takan kama ganyensa. An yi ta barbararsa da waɗansu, aka sami Charlotte Armstrong a 1940, da Ena Harkness a 1946. Chrysler Imperial na 1952 jikansa ne. Duk da haka masu son ƙanshi ba su yar da kakan ba.

To, mu fa a Katsina? Laima ba ta dame mu ba sai da damina. Abokan gābanmu su ne zafin bazara da gara. Fure mai duhu yana ƙonewa da sauri a ranar Afrilu, saboda haka mu dasa shi inda zai sha hantsi, ya sami inuwa bayan azahar. Kada mu kai shi gindin bedi, gama saiwar bedi za ta shanye masa ruwa. Mu sa taki ruɓaɓɓe, mu zuba ruwa a gindi, ba a kan ganye ba, mu riƙa duba gara. In damina ta janye mu rage rassa, sa'an nan mu jira furanni da sanyin hunturu.

Yawancin irin wannan wardi mai aure ne, kamar mangwaro. Tsiron da ya fito ƙarƙashin wurin auren na saiwa ne, sai a cire shi, in ba haka ba zai danne na kirki.

Sunayen iri sukan ɓace a hannun masu sayarwa. Kafin mu biya, mu nemi ganin furen, mu sansana, mu taɓa wuyansa.