Gigin tsufa: me ya sa wasu ke rasa kunya kafin su fara mantuwa?

Idan aka ambaci gigin tsufa, abin da ke fara zuwa maka a rai shi ne mantuwa: tsoho ya manta inda ya ajiye carbinsa, ko ya kira jikansa da sunan ɗansa. To amma akwai wani nau'in cutar da ba ta nan yake farawa ba. Ka ɗauka magidanci ne ɗan shekara hamsin da 'yan kai, mai kunya da kara, sai kwatsam ya fara faɗa wa surukinsa baƙar magana a gaban jama'a, ko a yi masa rasuwa ana kuka shi yana tambayar ina tuwo. Ranar wata bai manta ba, lissafin kuɗinsa ma daidai yake. A wurinmu sai a ce sammu ne, ko iskanci ya same shi da girma. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa za su so su duba abin da ke bayan goshinsa.

Abubuwa biyu ake magana a kansu a nan. Na farko fahimtar mutane, wato karanta fuska da murya, gane cewa abin da ke ran wani daban yake da naka, da sanin maganar da za ta yi masa zafi. Na biyu kuma jagorancin tunani, wanda ya haɗa da tsara aiki, riƙe bayani a ka yayin da kake sarrafa shi, sauya dabara idan ta ƙi ci, da taka wa kai birki. Dukansu sun dogara sosai ga ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa. Tambayar da masana suka daɗe suna jayayya a kai ita ce, shin abu ɗaya ne mai fuska biyu, ko kuwa maƙwabta ne kawai?

Akwai dalilin da zai sa ka ce abu ɗaya ne. Duba gwajin da Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa suka yi amfani da shi a 1985. 'Yar tsana Sally ta saka ƙwallon wasanta a kwando ta fita, Anne ta ɗauke ta mayar cikin akwati. Idan Sally ta dawo, ina za ta duba? Kafin ka ce kwando, sai ka danne abin da kai ka sani, ka kuma riƙe labarin a kanka. Wannan dannewa da riƙewar ai aikin jagorancin tunani ne. Ke nan mutum na iya faɗuwa gwajin don birkinsa ya yi sanyi, alhali yana fahimtar mutane sarai.

Kusan abin da ake gani ke nan a cutar Alzheimer, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu gigin tsufa. A wani bincike da Carol Gregory da John Hodges da abokansu suka wallafa a 2002 daga Kambirij ta Ingila, masu Alzheimer sun yi tuntuɓe ne kawai a gwajin da ya fi nauyi ga ƙwaƙwalwa, irin na "me wane yake zaton wance tana zato". Shi ya sa za ka ga tsohuwa ta manta sunanka amma ta gaishe ka da fara'a, har ta lura ranka a ɓace yake.

Labarin ya sha bamban ga masu lalacewar gaba da gefen ƙwaƙwalwa, cutar da Arnold Pick ya fara bayyana wani nau'inta a birnin Prague a 1892, kuma ta fi kama mutane tsakanin shekara 45 zuwa 65. A wancan binciken, waɗannan sun gaza a gwaje-gwajen fahimtar mutane gaba ɗaya, har da na gane katoɓara, inda ake karanta maka ɗan labari wani ya kushe kyauta a gaban wanda ya ba shi, a tambaye ka ko an faɗi abin da bai dace ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, shekara guda kafin nan Sinclair Lough da Gregory da Hodges sun ba da labarin wani majiyyaci da ya yi ƙoƙari a gwaje-gwajen jagorancin tunani, amma fahimtarsa ta mutane ta rushe. Da abu ɗaya ne, da hakan ba ta yiwu ba.

Taswirar ƙwaƙwalwa ta taimaka wajen warware wannan. Tsara aiki da riƙe bayani sun fi jingina ga sama da gefen ɓangaren gaba, yayin da jin abin da wani ke ji ya fi jingina ga ƙasa da tsakiya, daidai saman kwarmin ido, da kuma gaban ɓangaren da ke wajen kunne. Cutar kan fara cin na ƙasan kafin ta hau sama. A ganina kalmar maƙwabta ta fi dacewa da su, maƙwabtan da ke aron kayan juna kullum, kuma idan gobara ta daɗe tana ci sai ta haɗa da duka gidajen.

Wannan ba musun masana ba ne kawai. Gajeren gwajin da aka saba yi a asibiti ya fi tambayar rana da wuri da lissafi da tuna kalmomi, don haka magidancin nan namu zai iya cinye shi tsaf a sallame shi, ko a ce masa damuwa ce. Ƙa'idojin gane cutar da aka fitar a 2011 sun lissafa alamu shida, kuma biyar daga ciki na hali ne: rashin birki, mutuwar zuciya, rashin tausayi, maimaita abu ɗaya, da sauyin cin abinci, musamman kwaɗayin zaƙi. A 2013 kuma kundin likitocin tabin hankali na Amurka ya sanya fahimtar mutane cikin fannoni shida da ake dubawa.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da wannan nau'in, kuma magungunan Alzheimer ba sa yi masa aiki, wani lokaci ma suna ƙara hargitsa mai shi. Idan za ka kai irin wannan mutum asibiti, ka tafi da wanda ya san halinsa tun da, domin shi kansa yawanci bai san ya sauya ba, kuma bayanin matarsa ko ɗansa kan fi takardar gwaji amfani ga likita.