3.4 Tsara Yadda Tarihin Gyare-gyare Yake Bayyana a Manhajar Git

A wannan sashe za a yi bayani a kan yadda mai amfani da manhajar Git yake iya sarrafa yanayin fitowar tarihin aikinsa a fuskar kwamfuta. Tun da daɗewa masana kwamfuta suke ƙirƙiro manhajojin da za su riƙa adana tarihin kowane gyara da aka yi wa fayil. Marc Rochkind ya fara da SCCS a 1972, Walter Tichy ya biyo da RCS a 1982, daga baya CVS da Subversion suka yi tashe. Ita kuwa Git, Linus Torvalds ne ya rubuta ta a watan Afrilu na 2005 domin aikin Linux, sannan ya miƙa ragamar kula da ita ga Junio Hamano a cikin wannan shekarar. Babban abin da ya bambanta ta da na baya shi ne kowane mai aiki yana riƙe da cikakken tarihin aikin a kwamfutarsa, ba sai ya nemi intanet ba kafin ya adana gyara ko ya duba tarihi.

Domin sauƙin bayani, wurin da ake tara fayiloli da tarihinsu za a kira shi rumbu. Kowane gyara da aka kammala aka adana da umarnin git commit za a kira shi ajiya. Kowace ajiya tana ɗauke da lambar shaida, wadda a bisa al'ada haruffa da alƙaluma 40 ce, da sunan wanda ya yi aikin, da sunan wanda ya shigar da shi rumbu, da lokacin kowannensu, da kuma ɗan bayanin da aka rubuta a kan gyaran. Umarnin da ke fito da waɗannan bayanai shi ne git log. Wannan umarni ba ya taɓa tarihin kansa, iyakarsa ya zaɓi abin da zai nuna da abin da zai bari a ɓoye. Saboda haka mutum biyu na iya duban rumbu ɗaya su tashi da fahimta iri biyu, ba don ɗayansu ya yi ƙarya ba, sai don kowa da tagar da ya leƙa.

Misalin da za a yi amfani da shi a nan shi ne na ɗalibai uku da za a ƙaddara suna tattara tarihin baka na ƙasar Ruma. Ɗaya yana hira da dattawa a Batsari da Wagini, ɗaya yana Safana da Runka, na ukun kuma, wanda shi ne jagora, yana zaune a birnin Katsina yana haɗa rubuce-rubucen a rumbu guda.

3.4.1 Taƙaita Fitowar Tarihi

Idan aka ba da umarnin git log haka nan ba tare da ƙari ba, kowace ajiya za ta cinye aƙalla layi biyar ko shida. Rumbun da ke da ajiya 300 ke nan zai fito da layi kusan 1,800, abin da ba mai haƙurin karantawa. Git ta tanadi wasu shiryayyun tsare-tsare, irin su oneline da short da medium da full da fuller. Tsarin medium shi ne wanda ke fitowa idan ba a zaɓi komai ba, oneline kuwa yana matse kowace ajiya a layi ɗaya. Wanda waɗannan ba su gamsar da shi ba yana iya gina nasa ta amfani da wasu alamomi masu farawa da %. Alal misali:

git log --pretty=format:"%h %ad %an %s" --date=short

A nan %h tana nufin gajeriyar lambar shaida, %ad ranar da aka yi aikin, %an sunan wanda ya yi shi, %s kuma layin farko na bayanin gyaran. Abin da zai fito zai yi kama da wannan:

a3f9c21 2021-10-14 Mamman Ƙara hirar dattawan Wagini

Wanda ya fi son ganin rana kafin wata, kamar yadda aka saba rubutawa a Nijeriya, sai ya sa --date=format:%d/%m/%Y. Idan kuma aikin ya yi rassa, ƙara --graph da --all yana zana layuka a gefen hagu masu nuna inda reshe ya rabu da inda ya koma.

3.4.2 Ranar Aiki da Ranar Shigarwa

Nan ne inda zaɓin tsari ya fi muhimmanci, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Kamar yadda aka ambata, kowace ajiya tana da suna biyu da lokaci biyu. A yawancin lokuta su biyun ɗaya ne, domin wanda ya yi aikin shi ne ya adana shi nan take. Amma akwai umarnin da ke sake gina ajiya, kamar git rebase da git cherry-pick da git am da kuma git commit --amend. Duk waɗannan suna barin sunan mai aikin da ranar aikinsa yadda suke, amma su sauya sunan mai shigarwa da ranar shigarwa zuwa na wanda ya ba da umarnin da lokacin da ya ba da shi.

Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da ke aiki a inda hanyar sadarwa take yankewa. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, kuma Batsari da Safana suna cikinsu. An yi fiye da wata uku babu kira babu intanet a waɗannan wurare biyu. A ƙaddara ɗalibin Batsari ya ci gaba da rubuta hirarrakinsa a cikin Oktoba da Nuwamba yana adanawa a kwamfutarsa, tun da Git ba ta buƙatar layi. Sai a watan Janairu na 2022 ya kai aikin Katsina, jagora ya ɗora shi a kan babban reshe da git rebase. Daga wannan rana, duk ajiyoyin ɗalibin za su ɗauki sunan jagora a matsayin mai shigarwa, kuma ranar shigarwarsu za ta zama rana ɗaya a cikin Janairu.

To, me git log zai nuna? Tsarin medium yana nuna ranar aiki ne kawai, amma jerin da yake bi na ranar shigarwa ne. Sakamakon haka mai dubawa zai ga aikin Oktoba ya hau saman aikin Disamba, ya zaci agogon kwamfuta ne ya rikice. Bugu da ƙari, --since da --until suna tacewa ne da ranar shigarwa. Ke nan idan malamin da ke duba aikin ya nemi abin da aka yi tsakanin Oktoba da Nuwamba na 2021, ba zai ga ko ajiya ɗaya ta ɗalibin Batsari ba, sai ya ɗauka zaman banza ya yi. Idan kuma wani ya gina tsarinsa da %cn da %cd, wato sunan mai shigarwa da ranarsa, sai dukan aikin ya bayyana a matsayin na jagora, a ce a yini ɗaya ya yi shi. A aikin da za a raba maki a kansa, wannan zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi ba.

Maganin abin shi ne a fito da duka biyun gefe da gefe. Tsarin fuller yana yin haka, sai dai yana da tsawo. Wanda ya fi dacewa da irin wannan bincike shi ne:

git log --author-date-order --date=short --pretty=format:"%h | %an %ad | %cn %cd | %s"

Da wannan za a ga wanda ya yi aiki da ranar da ya yi, a ga wanda ya shigar da ranar da ya shigar, kuma jerin zai bi ranar aiki gwargwadon yadda dangantakar ajiyoyin ta bari, domin Git ba za ta nuna uwa kafin 'ya'yanta ba. Akwai kuma hanyar kauce wa matsalar tun daga tushe. Da ɗalibin ya ƙulle aikinsa da git bundle ya kai a filash, jagora kuma ya haɗa da git merge maimakon rebase, da ba abin da zai sauya a cikin ajiyoyin.

Duk da haka bai kamata a ɗauki waɗannan ranaku a matsayin hujjar da ba ta da ja ba. Git tana ɗaukar lokaci ne daga agogon kwamfutar da aka yi aikin, kuma tsohuwar kwamfutar da ɗan batirin agogonta ya mutu tana iya komawa shekarun baya duk lokacin da aka kashe ta. Haka kuma mutum na iya sa ranar da ya ga dama da git commit --date. Ranar da aka tura aiki zuwa intanet ma ba ta cikin abin da ajiya ke ɗauke da shi, don haka git log ba zai taɓa nuna ta ba.

3.4.3 Sunayen Mutane da Haruffan Hausa

Matsala ta biyu ta shafi suna. Bahaushe ɗaya yana iya zama Muhammadu a takarda, Mamman a gida, Muh'd a gajarce. Idan ya yi aiki da kwamfutarsa yau, gobe ya ari ta abokinsa ya sa wani sunan, Git za ta ɗauke shi mutum biyu ko uku. Umarnin git shortlog -sn, wanda ke ƙidaya ajiyoyin kowa, zai rarraba aikinsa gida uku ya mai da shi ƙasan jeri. Ba a gyara wannan ta hanyar sake rubuta tarihi. Abin da ake yi shi ne a ƙirƙiri fayil mai suna .mailmap a bakin rumbu, a rubuta cikakken sunan da ake so tare da kowane adireshin imel da mutumin ya taɓa amfani da shi. Daga nan shortlog zai haɗe su. A tsarin da mutum ya gina da kansa kuwa, dole ya sauya %an zuwa %aN mai babban harafi, domin ita ce ke bin abin da ke cikin .mailmap. Ko bayan an haɗe sunaye, yawan ajiya ba shi ne yawan aiki ba: wanda ya gyara waƙafi sau ashirin zai fi wanda ya shigar da hira mai shafi talatin a ajiya ɗaya. Ƙara --stat yana nuna fayilolin da aka taɓa da yawan layukan da suka sauya, kuma wannan ya fi kusa da gaskiya.

Sai kuma haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Git tana adana bayanin gyara a tsarin UTF-8, saboda haka ba ta da matsala da su a cikin jimla. Amma a sunan fayil, bisa al'adarta, takan mai da duk harafin da ba na Ingilishi ba zuwa alƙaluma. Fayil mai suna ƙauyuka.txt zai fito a matsayin "\306\231auyuka.txt", harafin ɗ zai zama \311\227, ɓ kuma \311\223. Fayil ɗin lafiyarsa lau, nuninsa ne kawai ya canza, kuma umarni ɗaya ke gyara shi:

git config --global core.quotepath false

A wasu kwamfutoci, musamman masu Windows, akan ga <C6><99> a madadin ƙ a cikin bayanin gyara. Wannan daga manhajar less ne, wadda Git ke amfani da ita wajen nuna shafi-shafi, kuma ana magance shi da sa LESSCHARSET ya zama utf-8.

Neman kalma ma yana da nasa tarkon. Umarnin --grep yana binciken bayanan gyara, amma a wurinsa ƙauye daban, kauye daban, k'auye daban, alhali ɗalibai uku na iya rubuta kalmar ta hanyoyin nan uku gwargwadon allon rubutun da kowa ya samu. Idan aka jera --grep sau uku, kowanne da rubutunsa, Git za ta fito da ajiyar da ta dace da ko wanne daga ciki. Idan kuwa abin da ake nema a cikin fayil ɗin yake, misali ranar da aka fara shigar da sunan Dajin Rugu a cikin rubutun, to -S"Rugu" shi ne ke nuna ajiyoyin da suka ƙara ko suka rage yawan kalmar. Tun da aikin na zube ne, ba na shirin kwamfuta ba, -p tare da --word-diff ya fi amfani, domin yana nuna kalmar da aka sauya ita kaɗai maimakon ya nuna an cire layi gaba ɗaya an sa wani.

3.4.4 Adana Tsarin da Aka Zaɓa

Ba wanda zai so ya riƙa buga dogon umarni kullum. Git ta ba da damar a laƙaba wa umarni gajeren suna, kuma ba abin da ya hana sunan ya zama na Hausa:

git config --global alias.tarihi "log --graph --date=short --pretty=format:'%h %ad %aN %s'"

Daga nan buga git tarihi kawai ya wadatar. Sai dai irin wannan laƙabi yana zama ne a fayil ɗin .gitconfig na kwamfutar wanda ya yi shi, ba ya bin rumbu zuwa wata kwamfuta. Shi kuwa .mailmap cikin rumbu yake, duk wanda ya kwafi rumbun ya kwafe shi. Don haka idan ɗaliban nan uku suna so malaminsu ya ga tarihin kamar yadda suke ganinsa, sai sun rubuta masa cikakken umarnin a fayil ɗin bayanin aikin, ko kuma su juya sakamakon zuwa fayil da git tarihi > tarihi.txt su buga shi a takarda su haɗa da rataye.